Tarihin Masu Tsaron Littattafai a Kano da Yadda Suka Haɗa Kansu

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa, ya miƙi hanyar Zariya ya nufi kudu, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a Gyaɗi-Gyaɗi. In ya karkata gabas kaɗan kuwa sai ga shi a Tarauni. A zamanin da wuraren nan karkara ce, ƙauyuka da gonaki a bayan ganuwa. Yanzu birni ya taso ya haɗiye su. Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ofishinta ya ke Unguwa Uku, da aka yi ƙidaya cikin 2006 an sami mutum fiye da 220,000 a cikinta. Akwai makarantun allo da na Islamiyya da na boko, akwai babban asibiti, akwai kasuwanni. Ko ina mutum ya duba sai ya ga masu karatu.

To, amma karatu ba ya yiwuwa sai da littafi, littafi kuwa ba ya daɗewa sai da mai tsaronsa. Mutane sun saba da yabon wanda ya wallafa littafi da wanda ya karantar da shi, ba safai su kan tuna da wanda ya adana shi ba, har ya kai hannun jikoki. Wannan labari na masu adanawa ne, tun daga malaman zaure har zuwa ma'aikatan laburare, da yadda suka gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zuwan Littattafai Kano

Littafin Tarihin Kano ya nuna littattafai sun shigo garin nan ne a hannun baƙi, kashi kashi. A zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kawo addinin Musulunci fada. A zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka iso, su ma daga Mali, da littattafan tauhidi da na lugga. Kafin zuwansu abin da malamai su ke da shi, bayan Alƙur'ani, shi ne littattafan fiƙihu da hadisi.

Sa'an nan aka yi Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A zamanin Muhammadu Kisoki, 1509 zuwa 1565, wani Shaihi Batunushe ya kawo littafin Ashafa na Alƙali Iyal, Shaihu Abdussalami kuma ya kawo Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Sarki Abubakar Kado da ya zo daga baya, an ce shi da kansa ya zauna ya karanci Ashafa. Mai karatu ya lura da yadda marubucin tarihin ya jera zuwan littafi tare da yaƙe-yaƙe da ginin ganuwa. Wannan ya isa shaida a kan darajar littafi ga mutanen wancan zamani.

Yadda Malamai Suka Yi Ajiya

A lokacin nan babu injin ɗab'i. Wanda ya ke son littafi sai ya ara ya kwafa da hannunsa, ko ya biya marubuci ladan kwafa. Takarda daga nesa ta ke zuwa, fatake su ke ɗauko ta a kan raƙuma daga Tarabulus su ratso Hamada. Wadda ta fi yawa cikin ƙarni na 19 ita ce takardar Italiya, wadda in an ɗaga ta a haske a kan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Tawada a gida a ke dafa ta, alƙalami kuwa na gamba ne ko na kara.

Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a kan haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa cikin gafaka, a rataye ko a zuba cikin adaka. Don kada warƙoƙi su rikice, marubuci ya kan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin shafin da ya gama, watau ko iska ta watsar da littafin a iya bin kalmomin nan a mai da shi daidai. Barin littafi a sake yana da amfani, gama malami ya kan iya raba shi ga almajirai biyar, ko wanne ya tafi da darasinsa. Yana kuma da hatsari, don warƙa ɗaya in ta ɓata ta naƙasa littafin duka.

Abokan gaban littafi sanannu ne: gara, da asu, da ɓera, da yoyon soro da damina, da gobara da hunturu. Akwai kuma na shida wanda ya fi su ɓarna, shi ne rabon gado. Malami ya kan shekara arba'in yana tarawa, ran da ya rasu magada su raba, wannan ya ɗauki rabin littafi, wancan ya ɗauki rabi. In ba a sami mai ilmi cikinsu ba, sai a tura adaka ƙarƙashin gado, ba mai buɗe ta sai gara.

Ko da ya ke malaman nan ba su da ƙungiya mai suna da rajista, suna da majalisa. A zaure a ke haɗuwa, ko a masallaci bayan salla, ko wurin walimar saukar karatu. Nan a ke jin wane ya dawo daga Makka da littafi kaza, wane yana da kwafi mai kyau na littafi kaza. Nan a ke gwada kwafi biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi, a gyara kuskuren alƙalami a gefen shafi. Majalisar kuwa tana da ladabi. Babban malami shi ke buɗe magana, shi ke ba ko wane mai tambaya dama, in gardama ta yi zafi shi ke cewa a ɗauko littafi a duba. Aro ma yana da ƙa'idarsa: wanda aka san shi da riƙe littafin mutane, labarinsa ya kan riga shi isa ko wane zaure.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙara wa wannan al'amari ƙarfi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano da niyyar wucewa gabas, jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don su san yadda a ke tafiyad da shari'a da mulki. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, shi kansa mawallafi ne. Daga baya Alƙalin Kano Muhammadu Zangi ya rubuta Taƙyidul Akhbari, labarin jihadi a ƙasar Kano. Littattafan Sakkwato suka yi ta kwararowa, marubuta suka yi ta kwafa, gafaka ta yawaita a unguwanni irin su Madabo.

Zamanin Turawa da Ɗakunan Karatu

Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903. Cikin 1909 Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci cikin 1928, da Makarantar Alƙalai cikin 1934, wadda ta zama Makarantar Ilmin Larabci cikin 1947. Makarantun nan suka bukaci littattafai masu yawa na Larabci, aka riƙa sayo bugun Masar. Attajiran Kano ma suka shiga aikawa da littattafai Alƙahira, gidan ɗab'i na Halabi ya buga musu, su kawo Kurmi su sayar.

Wajen boko kuwa yunwa a ke ciki. Yaro ya kan koyi karatu, ya fita makaranta bai da abin karantawa. Don haka Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasa cikin 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairu 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945.

Sa'ad da a ke Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnati ta so mutane su riƙa jin labarin yaƙi daga bakinta, kada su ji daga jita-jita. Saboda haka aka ƙarfafa wa En'e-En'e su buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. A kan sami tebur da bencina, da taswirar duniya a bango, da jaridu da hotuna. Bayan yaƙi ɗakunan suka wanzu, wasu suka zama laburaren En'e, Kano ma tana da nata. Cikin 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, aka ɗora wata Baturiya, Joan Parkes, a kansa. Daga can a ke cika akwatuna da littattafai a aika wa ɗakunan karatu da makarantu, bayan 'yan watanni a mai da su a karɓo wasu. Lokacin ya zo daidai da Yaƙi da Jahilci da kafa hukumar NORLA, wadda ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna har zuwa 1959. Ta Lardin Kano ita ce Sodangi.

Amma fa akwai cikas. Yawancin littattafan da ke cikin akwatunan da Turanci su ke, an rubuta su don mutanen Ingila, masu jin Turanci kuwa 'yan kaɗan ne. Mai tsaron ɗakin karatu sau da yawa ƙaramin ma'aikacin En'e ne mai ɗan albashi, ba a koya masa aikin sosai ba. Abin da ya fi tsoro shi ne ran da mai duba lissafi zai zo a tarar littafi ya ɓata, a yanke masa a albashi. Don haka wani ya kan kulle kabad ya sa mabuɗi a aljihu, littattafai su tsira daga ɓata, su kuma tsira daga masu karatu. Ga shi shi kaɗai a garinsa, ba abokin sana'a kusa da zai tambaya. Malamin zaure yana da majalisa, shi kuwa ba shi da ita.

Kafa Ƙungiya

Cikin 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Badun, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, don a shawarta yadda za a kafa laburaren jama'a a ƙasashen Afirka. Mutanen Afirka ta Yamma da suka halarta suka ga bai kamata a watse haka nan ba. Cikin 1954 suka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Afirka ta Yamma a Ikko. Shugabanta na fari shi ne John Harris, mutumin Niyu Zilan, wanda ya ke riƙe da laburaren Kwalejin Jami'a ta Badun tun 1948. Suka riƙa buga 'yar mujalla, wadda ta zama musu kamar zaure: wanda ya ke Kaduna ya ji abin da na Ankara ya ke ciki, na Inugu ya ba na Badun amsa.

Da ƙasashe suka sami mulkin kai sai ko wace ta so tata. Cikin 1962 ƙungiyar ta rabu, aka sami Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, Kalu Okorie ya zama shugabanta na fari, Gana ma ta kafa tata. Cikin 1964 aka yi dokar kafa Laburaren Ƙasa, aka buɗe shi a Ikko. Dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi 3 can a ajiye, gwamnatin jiha ta kai 10, Gwamnatin Tarayya ta kai 25.

Mai karatu zai so ya san abin da mutanen nan su ke tattaunawa in sun taru. Ga misali ɗaya. Tsarin jera littattafai da ya fi yaɗuwa shi ne na Melvil Dewey, Ba'amurke, wanda ya fitar cikin 1876. Ya kasa ilmi kashi goma, ya ba addini lamba 200 zuwa 299. Amma yawancin lambobin nan addinin Kirista ya ba, Musulunci duka ya tattara shi a lamba ɗaya, 297. A garin da laburare ya ke cike da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi da sira, lamba ɗaya ba ta isa, sai an yi ta ƙara mata rassa. In ko wane ma'aikaci ya yi nasa rassan shi kaɗai, mai neman littafi zai ruɗe duk sa'ad da ya sake laburare. Ga kuma sunayen mawallafa: mutum guda a kan rubuta shi Usman ɗan Fodiyo, ko Usmanu bin Fodiye, ko Ibn Fudi, dole a yarda da ɗaya a katin kundi, sauran su nuna hanya zuwa gare shi. Littafin hannu kuwa ba shi da bango mai suna, sai an karanta farkonsa da ƙarshensa kafin a san ko na wane ne. Irin waɗannan al'amura ba mai warware su sai taro.

Taro kuma ba ya kyau sai da mai riƙe shi. Aikin shugaba da magatakarda a ƙungiya irin wannan ba a ganinsa, ba a kuwa biyansu. Su ke aika takardar kira, su tsara abin da za a fara da wanda zai biyo, su ba ƙaramin ma'aikaci daga ƙauye dama ya faɗi matsalarsa gaban manyan jami'a, su tsai da mai dogon zance, su rubuta abin da aka yanke don kada baɗi a sake gardama a kansa. Aikin babban malami ne a zaure, ya sake riga.

Gardamar Badun da Zariya

Babbar gardamar da ta taɓa shiga tsakanin 'yan sana'ar nan ita ce ta horo. Cikin 1957 Asusun Carnegie ya aiko Dokta Harold Lancour daga Amurka ya zaga Afirka ta Yamma, ya ba da rahoto cikin 1958. Daga shawararsa aka buɗe makarantar aikin laburare a Badun, ta fara ɗaukar ɗalibai cikin 1960. Ra'ayin Badun shi ne a horad da shugabanni, watau mutum ya gama digiri tukuna sa'an nan ya koyi aikin.

Jihar Arewa kuwa halinta dabam. Masu digiri ba su da yawa, 'yan da ke akwai Gwamnati tana rububinsu don aikin mulki. Aka gayyato F. A. Sharr, babban ma'aikacin laburare na Ostareliya ta Yamma, ya duba bukatun Arewa, ya ba da rahoto cikin 1963, ya ce lalle Arewa ta sami makarantarta. Cikin 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen ilmin laburare a Zariya, ta riƙa ba da difloma da digirin farko a kan aikin. Waɗansu manyan ƙungiya suka ga wannan rage darajar sana'a ne. Mutanen Zariya suka ce ɗakunan karatu suna nan ba masu riƙe su, ba za a jira ba. An daɗe ana ja-in-ja a tarurruka da cikin mujallar ƙungiya, amma ba a ɓalle ba. Daga ƙarshe hanyar Zariya ta bazu, Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen cikin 1977, Maiduguri cikin 1978, har Badun ma ta zo ta fara digirin farko. Cikin 1995 aka yi doka mai lamba 12, wadda ta kafa majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista, ta zama ita ke faɗin wanda ya cancanci sunan.

Jihar Kano da Bayan Ganuwa

Ran 27 ga Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa shida, Kano ta zama jiha, Audu Baƙo ya zama Gwamna. Kayan Laburaren Kaduna ma aka rarraba wa sababbin jihohi, ko wace ta fara nata. Na Kano shi ne ya girma ya zama Hukumar Laburare ta Jihar Kano, wadda babban gininta, Laburaren Murtala Muhammed, ya ke kan titin Ahmadu Bello. Jami'ar Bayero tana da babban laburare mai sashen littattafan hannu. Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa tana ajiye tsofaffin takardu, Gidan Mambayya a Gwammaja yana riƙe da abin da Malam Aminu Kano ya bari. Ƙungiyar ƙasa kuma tana da reshe a Kano, tana da sassa na masu tsara kundi, da na laburaren makarantu, da na jami'o'i, da na asibitoci.

A shekarun nan ne birni ya tsallake ganuwa ya malala kudu da gabas. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, mazauninsa yana kan hanyar Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi. A nan ma'aikacin laburare ba ajiya kaɗai ya ke yi ba. Likita da ɗalibin likita suna bukatar abin da aka gano bana game da cuta, wanda yawanci cikin mujallun ƙasashen waje ya ke, ta kwamfuta a ke samunsa, da kuɗi mai yawa. Sanin inda za a nemo shi da rarrabe ingantacce da na banza ya zama ilmi mai zaman kansa, rai kuwa ya kan rataya a kansa. Ba nisa da nan akwai kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni. Wayar da a ke sayarwa can ta zama gafakar matasan zamani, a ciki su ke karanta labari da wa'azi da darasi, na gaskiya da na ƙarya a cuɗe.

Abin da Ya Fita Hannu

Akwai labari biyu da ya kamata ko wane Bakano ya sani. Na fari na Malam Umaru Falke ne, wanda aka haife shi cikin 1893, ya rasu cikin 1962. Malami ne, Batijjane, kuma falke kamar yadda sunansa ya nuna. Ya yi fatauci har Ikko da Gwalkwas, duk inda ya je yana tara littattafai. Abin da ya bari ya haura guda 3,000, na fiƙihu da tasawwufi da magani da waƙoƙi, na Larabci da na ajami. Bayan rasuwarsa littattafan nan suka koma Jami'ar Northwestern kusa da Shikago a Amurka, ta hannun John Paden. Can aka tsara su, aka yi musu kundi, wani ɗan Arewa, Abdullahi Mohammed, ya rubuta littafin digirinsa na dokta a kansu cikin 1978. Sun tsira daga gara da rabon gado. Amma ɗalibin Kano da ke son ya taɓa su da hannunsa sai ya ƙetare teku.

Ba duka suka fita ba. Tun wajen 1955 W. E. N. Kensdale na laburaren Badun ya fara buga kundin littattafan hannu da aka tattaro daga Arewa. Cikin 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Zariya, aka riƙa ɗaukar hoton littattafan malamai a mai da musu abinsu. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa cikin 1970, ya ci gaba da wannan aiki. Gidajen malamai irin na Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu cikin 1996, sun riƙe nasu. Cikin 1995 John Hunwick ya fitar da babban kundin mawallafan Larabci na wannan yanki, malaman Kano suna da babi-babi a ciki. Duk da haka akwai adakoki a cikin lunguna waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikinsu.

Labari na biyu na kusa ne. Daga wajen 1984 samari da mata suka shiga rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, suna bugawa da kuɗinsu, har aka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suna cikin waɗanda suka shahara. A unguwanni aka sami masu ba da hayar littafi, matar aure ta aiki yaro da 'yan kuɗi ya karɓo mata, ta karanta ta mayar. Masu hayar nan, ko da ya ke ba su je Zariya ba, sun yi aikin laburare, sun kai littafi inda na Gwamnati bai kai ba. An yi gardama mai zafi a kan tarbiyyar da ke cikin littattafan, har cikin 2007 aka ƙona waɗansu a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yawancinsu a kan takarda mai araha aka buga su, mawallafan kuwa ba safai su kan kai kwafi ukun nan Laburaren Ƙasa ba. Wanda ya tsaya ya tara su da yawa shi ne Graham Furniss na Jami'ar Landan, shi da Malami Buba da William Burgess suka buga kundinsu cikin 2004. Ko mutum yana yabon littattafan nan ko yana kushe su, mai rubuta tarihin Kano na shekarun nan ba zai iya ba sai da su, gama a ciki ne matan gari suka faɗi abin da ke ransu game da aure da kishi da karatu.

Abin da labaran nan biyu su ke nunawa guda ne: abin da mutanen gari suka raina yau, shi jikokinsu za su bi har ƙasar wani suna roƙo a nuna musu.

Malamin Madabo da ke gwada kwafi da abokinsa, da ma'aikacin En'e mai mabuɗi a aljihu, da mai ba da hayar littafi a Tarauni, da mai kwamfuta a asibitin hanyar Zariya, duk sana'arsu ɗaya ce, sai dai ba su cika zama wuri guda ba. Mai digiri ya san tsari da maganin gara, amma sau da yawa ba ya iya karanta rubutun Magaribi. Malamin zaure yana karantawa kamar ruwa, amma ba shi da kundi. Ran da majalisar ƙungiya ta shimfiɗa wa malaman zaure da magadansu buzu, aka lissafa abin da ke cikin ko wace adaka, aka ɗauki hotonsa, aka bar wa mai shi abinsa, ran nan Kano za ta san iyakar dukiyarta. Wanda ya gaji adaka kuwa, kafin wannan rana ta zo, ya buɗe ta da rani ya kakkaɓe, ya ɗaga ta daga ƙasa, kada ya yarda a raba littafi guda biyu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta, ya saka wa waɗanda suka adana da alheri, amin.